Ƙofar Laburare ga Ɗalibin Nesa a Ƙasar Katagum

Kowace jami'a tana da al'adar karɓar sabbin ɗalibai, kuma a cikin wannan al'ada akan ware 'yan sa'o'i domin a nuna musu ɗakin karatu, wato laburare: a zagaya da su sashe-sashe, a nuna musu kundin da ke ɗauke da sunayen littattafai da lambobin kantocinsu, a gaya musu littafi nawa ake bayarwa aro da kwanakin da zai yi a hannu, sannan a yanka wa kowa kati. Wannan bita ta maraba, wadda ɗalibai suka fi sani da oriyanteshan, an gina ta ne a kan zaton cewa ɗalibi zai dawo washegari da ƙafarsa, kuma abin da ya shige masa duhu yau zai tambayi ma'aikacin da ke zaune a bakin ƙofa gobe. Ɗalibin da ke karatu daga nesa, wato wanda ya yi rajista da jami'a amma yake zaune a garinsu yana ci gaba da aikinsa da hidimar iyalinsa, ba shi da wannan dama, domin laburarensa yana cikin intanet ne, babu bakin ƙofa balle mai zama a wurin. Abin da aka koya masa a bitar farko shi ne kusan duk abin da zai riƙe, kuma idan bitar ta gaza ya yi asarar laburaren ɗungurungum, alhali jami'o'i kan sa kuɗinsa a cikin kuɗin rajista.

Ƙasar Katagum wuri ne da ya dace a auna wannan magana. Tun da aka dawo da fadar masarautar daga garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, zuwa Azare a farkon ƙarni na 20, Azare ta zama cibiyar mulki da kasuwanci da makarantu ta arewacin Jihar Bauchi. A cikinta akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, wadda ta fara a 1977 a matsayin babbar kwalejin horar da malamai, da babban asibitin tarayya, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, sannan ga jami'ar jiha a Gadau, wadda aka kafa a 2011 kuma yanzu take ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. Kwalejin ita kaɗai ta yaye dubban masu takardar NCE, waɗanda suka watsu suna koyarwa a Yana da Giade da Gamawa da Itas da Chinade da Sakwa, kuma da yawansu, tare da ma'aikatan jinya da na ƙananan hukumomi, suna son digiri amma ba za su iya ajiye albashi su koma aji shekara uku ko huɗu ba. Irin waɗannan su ne ke cika cibiyar karatu da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, take da ita a Azare, wasu kuma suna rajista da sassan karatun nesa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Maiduguri. Daga Azare zuwa Bauchi tafiyar kimanin kilomita 200 ce, kuɗin mota ya ninka tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma ambaliyar daminar 2024 ta nuna cewa babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ma tana iya yankewa a wannan yanki. Duk tsarin da ya dogara da cewa ɗalibi zai zo da kansa idan ya sami matsala ya riga ya fitar da mutumin Sakwa daga lissafi.

Tushen matsalar ya girmi intanet. 'Yan Najeriya na zamanin Turawa sun yi karatu ta wasiƙa da makarantu irin su Wolsey Hall ta Oxford da Rapid Results College, suna zana jarrabawar Jami'ar Landan, wadda ta buɗe digirinta ga ɗaliban waje tun 1858, kuma ƙa'idar wannan karatu ita ce duk abin da ɗalibi yake bukata yana cikin ƙunshin da gidan waya ya kawo masa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta bi wannan turba, haka ma NOUN, wadda gwamnatin Shehu Shagari ta kafa a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Olusegun Obasanjo. Littattafan darussan NOUN suna nan a shafinta na intanet kyauta ga duk mai so, kuma wannan abin yabo ne, domin ɗaliban wasu jami'o'i ma suna amfana da su. Sai dai tsarin yana da wani sakamako da ba a cika magana a kansa ba. Tunda aikin gida da ake kira TMA da jarrabawar ƙarshen zango duk daga littafin darasi suke fitowa, ɗalibi mai ƙwazo zai iya kaiwa shekarar ƙarshe da sakamako mai kyau ba tare da ya taɓa buɗe mujallar ilimi ko sau ɗaya ba. Akwai darasin amfani da laburare a cikin darussan dole na shekarar farko, wanda a NOUN ake kira GST104, amma irin waɗannan darussa, a duk inda ake koyar da su, sukan zama abin hadda: ire-iren laburare, tsarin jera littattafai, ma'anar kalmomi. Mutum zai iya cin maki mai yawa a cikinsu bai san yadda ake sauke maƙala guda ba.

Ido yana raina fata ne ranar da aka amince wa ɗalibi da batun kundin kammala digiri, aka ce ya je ya rubuta babi na biyu, wato waiwayen ayyukan da masana suka riga suka yi a kan batun. A wannan rana abokin gasar laburare shi ne shagon kwamfuta, ko ɗaya daga cikin shafukan intanet masu sayar da kundi daga babi na ɗaya zuwa na biyar, inda ake ɗauko aikin da wani ya yi a kan wata ƙaramar hukuma ta kudu a canza mata suna, har idan mai shago ya yi sakaci sai a tarar da manoman Gamawa suna noman koko da kwakwar manja a babi na huɗu. Jami'o'i sun amsa da manhajojin kama satar rubutu irin su Turnitin da EagleScan, kuma suna da gaskiya, amma kama mutum da laifin bin hanyar da ita kaɗai ya ga a buɗe, bayan ba a taɓa nuna masa halastacciyar hanyar ba, rabin adalci ne. Mai shago yana amsa waya da dare, yana magana da Hausa, yana ba da abin da aka nema cikin awa ɗaya. Duk wanda zai tsara bitar laburare ga ɗalibin nesa ya kamata ya ajiye wannan a gabansa, domin da shi za a gwada aikinsa.

Daga nan ake gane cewa kuskuren farko a yawancin bitoci kuskuren lokaci ne. A makon rajista hankalin sabon ɗalibi yana kan biyan kuɗi a banki, da lambar shiga shafin jami'a, da zaɓen darussa, kuma bayanin rumbun mujallu a wannan lokaci yana shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, tunda babu wani aiki a gabansa da ke bukatarsa. Abin da ya fi shi ne a raba bitar gida-gida, kowane kashi ya zo a daidai gaɓar da ake bukatarsa: kashi na farko a makon farko, wanda ba shi da wata manufa sai tabbatar da cewa ɗalibi ya shiga laburaren da sunansa ya sauke abu guda, na biyu lokacin aikin rubutu na farko, na uku, wanda shi ne mafi nauyi, a zangon da ake koyar da dabarun bincike. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai malaman darussa sun yarda su ɗora maki, ko da kaɗan ne, a kan aikin da ba a iya yinsa sai da laburare, domin ma'aikacin da ke karatu bayan sallar Isha'i da gajiyar yini a jikinsa ba ya karanta abin da ba a ce za a tambaye shi ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Kashi na farkon nan ya cancanci a tsaya a kansa, saboda a nan mafi yawan ɗalibai ke faɗuwa, kuma dalilin na fasaha ne wanda ba kowa ya sani ba. Kamfanonin da ke sayar wa jami'o'i damar karanta mujallu, irin su EBSCO da JSTOR da Elsevier, sun saba gane mai karatu ne ta adireshin intanet na makarantarsa, wato lambar da kowace na'ura ke ɗauka idan ta hau layin makarantar. Ɗalibin da ke zaune a harabar jami'a ba ya jin wannan shinge, domin da ya danna maƙala sai ta buɗe. Wanda ke garin Madara yana amfani da datar wayarsa kuwa baƙo ne a wurin kamfanin, sai a nuna masa taƙaitaccen bayanin maƙalar a ce ya biya dala talatin ko arba'in kafin ya ga sauran, shi kuma ya ɗauka cewa abin da ake kira laburare ke nan, ya rufe bai sake komawa ba. Akwai manhajojin da aka ƙirƙira domin cike wannan giɓi, kamar EZproxy da ya fito a 1999 da kuma OpenAthens, waɗanda ke sa kamfani ya gane ɗalibi da sunansa da kalmar sirrinsa a duk inda yake, amma galibi suna aiki ne idan ɗalibi ya bi ta shafin laburaren jami'arsa kafin ya isa ga maƙalar. Wannan bambanci guda, tsakanin isa ga maƙala kai tsaye daga Google da isa gare ta ta ƙofar jami'a, ya fi tarihin laburare da sunayen sassansa muhimmanci ga ɗalibin nesa. Bitar farko ba ta cika ba sai kowane ɗalibi ya turo hoton shafin farko na maƙalar da ya sauke da hannunsa, kuma wanda bai turo ba cikin mako biyu a neme shi a ji inda ya maƙale, wanda sau da yawa ba ya wuce kalmar sirri da aka manta ko adireshin imel da wani mai shago ya buɗe masa ranar rajista bai ba shi mabuɗinsa ba.

Sai kuma na'urar da za a yi bitar a kanta. Jami'o'in Turai da Amurka suna da kyawawan bitoci na bidiyo da darussan kai tsaye ta Zoom, kuma akwai sha'awar kwaikwayon su yadda suke, amma an tsara su ne domin mai kwamfutar cinya da layin intanet mara yankewa. Ɗalibin Katagum waya yake riƙe da ita, sau da yawa mai ƙaramin allo da ƙarancin wurin ajiya, yana kai ta shagon caji idan babu wuta, yana sayen data gwargwadon abin da ya rage a aljihu, kuma farashin datar ya tashi bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Darasin bidiyo na awa ɗaya yana cin ɗaruruwan megabait, alhali saƙon murya na minti uku tare da hotuna biyar na allon waya, kowanne da jan da'ira a kan inda za a danna, bai kai ko kusa da haka ba, kuma ana iya sauke shi a inda sabis yake da ƙarfi a saurare shi a gida. Dole hotunan su zama na allon waya, domin shafin da ke da maɓallin shiga a sama ta dama a kwamfuta yakan ɓoye shi a ƙarƙashin wasu layuka uku a waya, kuma ɗalibin da ya nemi abin da aka nuna masa bai gani ba kansa yake zargi. Darasin kai tsaye yana da amfaninsa, amma a matsayin ƙari, a yi shi da yamma ko ranar Asabar, a kuma naɗe shi a yanka gajeru. Duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa na kwanaki a ƙarshen Oktoban 2024, sakamakon lalacewar manyan layukan wuta, ya isa ya hana kowa ɗora cancantar ɗalibi a kan halartar taron intanet a wata sa'a guda.

Maganar harshe tana da masu adawa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa da Ingilishi ake karatun jami'a, da shi aka rubuta mujallun, kuma jami'ar ƙasa ba za ta iya fassara komai zuwa kowane harshe ba. Ƙari a kan haka, ba duk ɗalibin Azare ne Bahaushe ba. Amsar ita ce abin da ake bukata ba fassarar laburare ba ce. Kalmomin nema za su ci gaba da zama na Ingilishi, haka ma rubutun da ke kan allo, amma bayanin baki da ke raka hotunan, wanda ke cewa ga inda za a danna, ga dalilin da ya sa shafin ya nemi kuɗi, ga abin da za a yi idan ya ƙi buɗewa, babu abin da ya hana a naɗe shi da Hausa tare da na Ingilishi, kowa ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi. Malaman makarantun yankin sun daɗe suna haka a aji ba tare da an rubuta musu a takarda ba, kuma kuɗin da aikin zai ci bai wuce na ma'aikaci ɗaya da waya da ɗaki mara hayaniya ba.

Dabarar nema ita ce ta fi bukatar misalai na gida. Malamar firamare da aka ba batun dalilan barin makaranta a tsakanin 'yan mata a ƙaramar hukumar Shira, abin da ta fi yi shi ne ta kwafe taken gaba ɗaya ta zuba a akwatin nema, kuma idan babu abin da ya fito mai wannan suna sai ta kai wa mai duba aikinta rahoton cewa ba a taɓa rubutu a kan batun ba. Abin da bita za ta koya mata shi ne ta farfasa taken zuwa ginshiƙansa, wato 'yan mata, barin makaranta, da wuri, ta nemi kalmomin da masana ke amfani da su ga kowanne, sannan ta faɗaɗa wurin daga Shira zuwa Bauchi, zuwa Arewacin Najeriya, zuwa yankin Sahel, tunda binciken da aka yi a Jigawa ko Damagaram zai yi mata amfani a babi na biyu. Akwai kuma abin da bitar da aka aro daga waje ba za ta taɓa ambata ba, wato rikicin rubuta sunaye. Sunan mahaifin Shehu Usmanu yana zuwa a matsayin Fodio, Fodiyo, Fuduye ko Fudi, gwargwadon wanda ya rubuta. Haɗeja tana zuwa da Hadejia. Jama'are wani lokaci da alamar hamza wani lokaci babu. Haruffa masu ƙugiya kuwa wasu rumbuna suna gane su wasu ba sa ganewa. Ɗalibin tarihi ko na harsuna da bai san ya gwada kowane salo ba zai rasa rabin abin da ke akwai, kuma ba zai san ya rasa ba.

Wane rumbu za a fara nunawa, wannan ma hukunci ne da ya kamata a yanke da sanin halin ƙasa. Ana biyan kuɗin manyan rumbuna da dala, kuma tun faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 sabunta rajistarsu ya zama nauyi ga kowace makaranta, don haka ɗalibin da aka koya wa rumbu guda na kuɗi kaɗai zai iya wayar gari ya tarar an rufe. Gara a fara da waɗanda ba sa bukatar rajistar makaranta: Google Scholar da ya fito a 2004, da DOAJ, wato kundin mujallun da ake karantawa kyauta wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, da AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka buɗe a 1998, wanda mujallun Najeriya suka fi na kowace ƙasa yawa a cikinsa kuma ana samun bincike a kan garuruwan Arewa a cikinsa. Bayan su sai shirin Research4Life na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanonin ɗab'i, wanda ya ƙunshi Hinari na fannin lafiya tun 2002 da AGORA na aikin gona tun 2003, kuma makaranta ce ke rajista da shi. Amfanin farawa da na kyauta bai tsaya a shekarun karatu ba, domin ma'aikaciyar jinya ko malamin gona zai ci gaba da amfani da su bayan jami'a ta rufe masa kalmar sirrinsa.

Samun maƙala rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin ko ta cancanci a dogara da ita, kuma a nan mai tsara bita a ƙasar Hausa yana da wata dukiya da takwaransa na Landan ba shi da ita. Yawancin ɗaliban yankin sun wuce ta makarantar Islamiyya ko zauren malami, sun san cewa ba a karɓar hadisi sai an duba isnadinsa, wato jerin mutanen da suka ruwaito shi, sun san bambancin ingantacce da mai rauni da ƙagagge. Sun fito daga al'ummar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta mata littafi sukutum, Ida'un Nusukh, domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Tambayoyin da ake yi wa maƙalar ilimi dangin waɗanda ake yi wa isnadi ne: wane ne ya rubuta, a ina yake aiki, daga wa ya ɗauko, su wa suka tantance kafin a buga. Idan aka gabatar da ambaton madogara ta wannan fuska, ɗalibi zai daina ɗaukar sa a matsayin wahalar waƙafi da baka-biyu da Bature ya ƙirƙiro, ya gane cewa amana ce ta mayar da magana ga mai ita. Kwatancen yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗi iyakar: maƙalar da ta cika duk sharuɗɗa ma wani bincike na gaba zai iya rushe ta, don haka shekarar bugawa tana da nauyin da ba ta da shi a fannin hadisi.

Bukatar wannan darasi ta ƙaru saboda abubuwa biyu. Na ɗaya shi ne mujallun cin riba, waɗanda ke buga duk abin da aka turo musu cikin 'yan kwanaki muddin an biya, suna ɗauke da sunaye masu ƙayatarwa, kuma suna fitowa a sahun gaba idan an yi nema saboda ba sa rufe komai. Wani ma'aikacin laburare na Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayensu kafin ya rufe jerin nasa a Janairun 2017, DOAJ kuma ta cire dubban mujallu daga kundinta a 2016 bayan ta tsaurara sharuɗɗa. Na biyu shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira, tun daga ChatGPT da ya fito a Nuwamban 2022 har zuwa Meta AI da ke zaune a cikin WhatsApp ɗin kowane ɗalibi, waɗanda kan ƙaga sunan marubuci da take da shekara da lambar shafi na aikin da ba a taɓa rubutawa ba. Haramta su a baki ba zai hana komai ba. Aikin da ya fi wa'azi tasiri shi ne a sa ɗalibi ya nemi manhajar ta ba shi madogara biyar a kan noman rani a fadamar Haɗeja da Jama'are, sannan ya bi kowacce a Google Scholar ya kawo rahoton wadda ya samu da wadda ta ɓace.

Duk wannan yana bukatar mutum a ƙarshen layi, mai suna da lamba da sa'o'in da aka san yana amsawa, kuma sa'o'in su haɗa da yamma da ƙarshen mako, tunda lokacin ofis shi ne lokacin da ɗalibin yake wurin nasa aikin. WhatsApp ne hanyar da kowa ya riga ya iya, amma zauren da ya tara ɗaruruwan mutane yakan cika da gaisuwar Juma'a da tallace-tallace har tambaya ta nutse, kuma akwai matan aure da 'yan mata da ba za su shiga zauren da kowane namiji zai ga lambarsu ba, wasu ma da wayar maigida suke karatu. Layin hukuma da ake tura wa tambaya a keɓe, tare da tashar sanarwa da ba ta bayyana lambobin mabiya, ya fi dacewa da su. Bai kamata kuma a bar aikin a kan wayar ma'aikaci ta kansa da datar aljihunsa ba, domin aikin sa-kai irin wannan yana mutuwa ranar da aka yi wa mai shi canjin wurin aiki.

Akwai kuma abin da ke kusa da ba a cika dubawa ba. Azare da Gadau suna da laburare na gini a manyan makarantunsu, da kujeru da wuta da ƙwararrun ma'aikata, yayin da ɗalibin nesa da ke zaune a unguwa ɗaya da su ba shi da izinin shiga saboda rajistarsa tana Abuja ko Zariya. A Birtaniya akwai tsarin SCONUL Access, wanda ke ba ɗaliban wata jami'a, har da na Buɗaɗɗiyar Jami'ar ƙasar, damar zama a laburaren wata jami'ar da ke kusa da gidajensu. Yarjejeniya irin wannan tsakanin makarantun ƙasar Katagum da jami'o'in da ke da ɗaliban nesa a yankin ba ta bukatar sabon gini, sai takardar fahimtar juna da katin shaida, kuma za ta ba bitar intanet wurin da za ta tura wanda ya gaza a waya.

Abin da zai sa jami'o'i su ɗauki batun da gaske shi ne ma'aunin da ake auna su da shi. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana sa laburare cikin abubuwan da take ba wa maki idan ta zo tantance darussa, kuma abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne yawan littattafai da kujeru da takardar shaidar biyan kuɗin rumbuna. Ga shirin karatun nesa waɗannan ba sa nuna komai game da ɗalibin da ke garin Udubo. Manhajojin shiga daga nesa suna ajiye lissafin wanda ya shiga da ranar da ya shiga, don haka jami'a tana iya fitar da adadin ɗalibanta na kowace cibiyar karatu da suka taɓa buɗe laburaren da sunansu a zangon farko, da adadin waɗanda suka kai shekarar ƙarshe ba su taɓa ba. Masu tantancewa suna da ikon neman wannan lissafi cibiya-cibiya, ta yadda adadin Legas da Abuja ba zai rufe na Azare ba.